Guraben da Aka Toshe

Kwamfutocin yanzu sun daina cewa "tit" idan an kunna su. A shagon wani mai gyara a Kano na ankara da haka, ina zaune ina jiran a duba mini laftof ɗina da ta fara nauyi. An kunna wannan, an kunna waccan, babu wadda ta ko yi tari, sai dai fuska ta yi haske kawai. Da layi ya zo kaina, saurayin ya kwance murfin baya, na miƙa wuya na leƙa. Batir ya cinye fiye da rabin cikin, ga siririyar fanka, ga wani ɗan baƙin allo a gefe, sumul, babu abin da hannu zai kama. Na ce masa, "Samari, ina gurbin ram? So nake a ƙara mata." Ya ce, "Ai Baba, irin wannan a like take zuwa. Yadda ka saye ta, haka za ta tsufa."

Gaskiya ya faɗa. Amma ga wanda ya buɗe ido da kwamfuta a ƙarshen shekarun 1990, amsar tana da nauyi, domin a wancan lokacin kwamfuta abar buɗewa ce. Kusoshi kaɗan za ka kwance a bayan akwatin, ka zame murfin ƙarfe, sai wani wari ya tarbe ka, na ƙurar da ta sha ɗumi haɗe da na roba da ƙarfe mai zafi. Wanda ya taɓa shaƙarsa ba ya mancewa. A ciki ga madabod, wato babban allon kwamfutar, kwance, kore shar, siraran layukan tagulla sun ratsa shi ta ko'ina, a gefe ɗaya kuma gurabe a jere, kowanne da launinsa. Dogaye baƙaƙe su ne ISA, tsofaffin gida. Gajeru farare su ne PCI, waɗanda Intel ya fito da su a 1992. A 1997 aka ƙaro wani guda ɗaya ruwan ƙasa, AGP, wanda katin hoto kaɗai ke shiga. Ko yaron da Turancinsa bai yi nisa ba, launi ya ishe shi jagora.

Guraben nan suna da asali. A watan Agustan 1981 kamfanin IBM na Amurka ya fitar da kwamfutarsa ta tebur da gurabe 5 a kan allonta, sannan ya buga littafin da ya zayyana yadda cikinta yake, har da aikin kowane tsinke na gurbin. Duk mai basira da jari sai ya ƙera katinsa ya kai kasuwa. Ba a jima ba wasu suka fara ƙera allon kansa. A 1987 IBM ya yi yunƙurin maido da linzami hannunsa da sabon gurbi mai suna Micro Channel, wanda sai an biya shi kafin a yi amfani da shi, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe. Sauran kamfanoni suka ci gaba da tsohon tsari, masu saye suka bi su.

Albarkar wannan buɗaɗɗiyar ƙofa ce ta iso har Kano da Kaduna da Zariya. Allo daga Taiwan, na Asus ko Gigabyte ko MSI, katin sauti na Creative daga Singafo, ram ɗin Samsung daga Koriya, had dis na Seagate ko Maxtor, duk su taho a kwalaye daga Computer Village da ke Ikeja, a motar dare, su haɗu a kan teburin katako a wani ɗan shago. Waɗanda suka ƙera su ba su san juna ba, ba su san da mu ba, amma kowane yanki ya shiga wurinsa daram. Kwamfutar haɗi ke nan, kuma a kanta mafi yawan 'yan zamaninmu suka fara taɓa kibod.

Maigidan da na koyi haɗa kwamfuta a ƙarƙashinsa ba mai yawan magana ba ne. Darasinsa na farko, kafin ka ɗauki ko sukundireba, shi ne, "Kai yaro, taɓa ƙarfe tukuna." Sai ka dafa jikin akwatin da tafin hannu domin wutar da ta taru a jikinka ta sauka. Mun ɗauka al'ada ce kawai irin ta manya, ashe ilimi ne tsantsa. A hunturu, lokacin da iska ta bushe har mutum ya taɓa ƙofar mota ya ji ta ja shi, wannan ɗan tartsatsin ya isa ya kashe ram ko farosesa ba tare da ka ga ko hayaƙi ba. Bayan wannan sai ƙananan turakun tagulla da ake ɗaurawa a jikin akwati kafin a aza allo, don kada bayansa ya taɓa ƙarfe. Turke ɗaya a wurin da ba rami, allo ya tafi.

Sauran darussan duk a baki suke, gajeru, kamar an tsara su don hadda. "Baƙi da baƙi." Wannan na wayar wuta ne: tsofaffin alluna suna karɓar wuta ta kawuna biyu masu kama da juna, P8 da P9, kuma dole baƙaƙen wayoyinsu su haɗu a tsakiya, in aka juya su an ƙona dukiyar mutane. "Ja ya kalli ɗaya." Wannan na faffaɗar wayar had dis ne mai tsinke 40, wadda gefenta ɗaya ke da jan layi, wanda dole ya kalli tsinke na ɗaya. In ka juya irin wannan wayar ta filofi, fitilarsa za ta kama ta ƙi mutuwa, kowa a shagon ya san abin da ka yi. Ga kuma 'yan hulunan roba da ake sauya wa wuri da tsinken cire ƙaya, don a shaida wa kwamfuta wane had dis ne a gaba, wane ne a baya, ko kuma da wane gudu farosesa zai yi aiki. In ɗaya ta faɗi ƙasa, sai an tashi kowa daga benci ana laluben siminti. Mafi ban haushi su ne siraran wayoyin gaban akwati, na makunni da na fitila da na lasifika, waɗanda sai ka kafa tocila a baki kana karanta rubutun da ya fi ƙarfin ido.

Saka kati kuwa, nan ne hannu ke koyon abin da baki ba zai iya faɗa ba. Za ka cire ɗan ƙarfen da ya toshe tagar baya, ka riƙe katin ta gefe-gefe kada yatsa ya taɓa haƙoransa masu ruwan zinare, ka daidaita su da bakin gurbi, sannan ka danna. Ƙarfin dannawar shi ne sirrin. In ka yi sanyin hannu, katin zai zauna rabi da rabi, kwamfuta ta ƙi gane shi. In ka yi garaje, ka ji allon yana lanƙwasawa a ƙarƙashin yatsunka, gabanka na faɗuwa. Tsakanin biyun akwai wani ɗan lokaci da katin ke nutsewa gaba ɗaya, ka ji shi a ƙashin hannunka kafin kunnenka ya ji. Ram kuma sai 'yan fararen kunnuwan gefe biyu sun rufe da kansu, ƙas, ƙas. Maigida yakan ce gaggawa aikin shaiɗan ce, kuma a wannan sana'ar maganar tana da farashi a naira.

Daga nan sai a danna makunni, shago ya yi tsit. Fanka ta juya, had dis ya yi gurnani, kowa ya kasa kunne. "Tit" ɗaya gajere, an ci nasara. A allunan da ke da BIOS na Award, dogon kuka ɗaya da gajeru biyu na nufin katin hoto bai zauna ba. Dogon kuka mai maimaituwa kuwa ram ne. Na sha ganin maigida yana alwala a ƙofar shago, bai ko juyo ba, ya ce, "Ram ne. Cire ka goge." Da kilinar goge fensir ake goge haƙoran, a hure, a mayar, sai kwamfutar da mai ita ya kawo yana salati ta tashi garau.

Kowane kati ƙofa ce zuwa wata sana'a. Kwamfutar da ba ta da katin sauti bebiya ce. Tun da Sound Blaster ya fito a 1989 sunansa ya zama ma'auni, kuma ranar da aka saka shi aka jona lasifika, karatun Alƙur'ani ya tashi daga faifan CD, maƙwabtan shago sai sun leƙo. Katin modem shi ke jona ka da layin tarho, da wannan kukan nasa mai kama da ana tsaga ƙarfe, kafin shafi ya fara saukowa layi-layi. Da katin netwok aka ɗaure kwamfutocin shagunan intanet da juna, inda dubban matasa suka buɗe adireshin imel ɗinsu na farko. Akwai katin talabijin, akwai katin FireWire da masu tace finafinan Hausa da masu ɗaukar biki suka dogara da shi wajen kwashe hoto daga ƙananan kaset na kyamara. Mutum ɗaya da akwati ɗaya, yau mai buga takardu ne, gobe ya ƙara kati ya zama mai situdiyo.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda wannan tsari ya dace da aljihun talaka. Yadda magidanci ke fara gida da ɗaki ɗaya da zaure, in Allah ya hore ya ƙara ɗaki, in iyali sun yawaita ya ja katanga, haka ake gina kwamfuta. Ka fara da ram megabayit 64, bayan albashi biyu ka mayar da shi 128. Bana ka haƙura da hoton da ya zo da allo, baɗi ka sayi katin hoto. Abin da ka cire ba ya zuwa bola, akwai wanda ke jiransa a rabin kuɗi. Sannu sannu ba ta hana zuwa, kuma mutane da yawa sun je.

Sai dai wanda duk ya ce zamanin nan zuma ce zalla, ya manta ne. Layukan da kati ke bi ya ja hankalin farosesa, waɗanda ake kira IRQ, 16 ne kacal, kuma kwamfuta ta riga ta riƙe wasu. Katin sauti ya nemi na 5, wani katin ma ya nemi na 5, sai ka wuni kana sauya hula kana kashewa da kunnawa, linzami na aiki sauti ya ɗauke, sauti ya dawo modem ya ɓace. Windows 95 ta zo da tsarin da kwamfuta ke gane kati da kanta, amma an ɗauki shekaru kafin tsofaffin katuna su bar kasuwa abin ya daidaita. Faifan direba in ya ɓata, kati ya zama ado. A farkon shekarun 2000 kuma aka yi annobar kafasita masu kumburi, suna tsiyayar da wani ruwa mai launin tsatsa, alluna masu kyau suka yi ta mutuwa da ƙuruciya a duk duniya. Ga wutar lantarki da ke ɗaukewa ta dawo da ƙarfi ta tafi da fawa fak, wani lokaci ta haɗa da allon.

Akwai ma abin da ba a cika son faɗa ba. Abin da ke ciruwa cikin sauƙi yana satuwa cikin sauƙi. Ba kowane mai gyara ne mai tsoron Allah ba. Akwai waɗanda za ka kai wa kwamfuta da ram biyu ta dawo da ɗaya, ko a musanya maka sabon kati da tsoho, kai kuwa ba ka san bambanci ba. Sannan shi kansa gurbin, wanda nake ta yabo, shi ne tushen rabin cututtukan da muke warkarwa. Ƙurar hunturu ta shiga, damina ta kawo laima, zafi ya buɗa ƙarfe sanyi ya tsuke shi, haƙora su daina haɗuwa. Muna alfahari da kilina, alhali ciwon da take magani ciwo ne da allon da aka like bai san shi ba.

Masu ƙira ba don mugunta kaɗai suka toshe guraben ba. Tun 1995 tsarin ATX ya maye gurbin kawunan wuta biyu da guda ɗaya wanda ba ya shiga a juye, "baƙi da baƙi" ya zama tarihi, kuma babu mai hankalin da zai yi kewarsa. USB ta zo a 1996, abin da dā sai an buɗe akwati ya koma sai dai a soka daga waje. Daga 1997 sauti ya fara komawa kan allo, hoto ya biyo baya, netwok ma haka. SATA ta fara korar faffaɗar waya da hulunanta a 2003. A hankali abubuwan da ke warwatse a kan allo suka dinga ƙaura zuwa cikin farosesa, har a 2020 Apple ya fitar da M1, wanda ram ɗinsa ke manne a ƙunshi ɗaya da farosesa. Dalilin a fili yake: in tazara ta ragu, saƙo ya fi saurin isa, wutar da ake ci ta ragu, zafi ya ragu, na'ura ta sirance. A ƙasar da wuta ba ta da tabbas, laftof ɗin da za ta kai ɗaliba daga safe zuwa yamma da caji ɗaya ba ƙaramar ni'ima ba ce. Kwamfutarmu ta haɗi, da monitanta mai ƙaton ƙeya, in wuta ta ɗauke ko minti ɗaya ba ta ƙarawa sai da UPS. Wayar da ke aljihun mai sayar da shayi a yau ta fi ta ƙarfi nesa ba kusa ba, kuma ko gurbi ɗaya irin namu babu a cikinta.

To amma wa ya biya kuɗin wannan ci gaban? Mai saye na farko a Turai ko Amurka ba ya jin zafin likewar, domin bayan 'yan shekaru zai sauya. Mu ne masu saye na biyu da na uku. Kasuwar laftof a nan ta dogara ne kacokan kan 'yan Beljiyam, tsofaffin ThinkPad da Latitude da EliteBook da ofisoshin waje suka sallama. Abin da ya sa suke da daraja shi ne ana iya buɗe su: a ƙara ram, a cire tsohon had dis a saka SSD, a sauya batir, na'urar da aka yafe ta sake shekaru a hannun ɗan jami'a. Waɗanda ake sayarwa sababbi yau su ne za su iso mana gobe, kuma da yawansu a like suke. Wanda ya saye ta da gigabayit 8 shi ya yanke wa duk wanda zai gaje ta hukunci. In ƙwaya ɗaya ta mutu a kan allon, sai a ce maka a sauya allon gaba ɗaya, kuɗinsa kuma ya kusa na wata laftof. In ma'ajiyar ma a like take, aikin shekaru na iya tafiya tare da allon.

Ba zan ce gyara ya mutu ba, domin idona ya ga akasin haka. Duk wanda ya ratsa kasuwar waya ta Farm Centre ya ga samari sunkuye a kan madubin ƙara girma, da injin iska mai zafi a hannu, suna ɗaga ƙwayar da ido ke gani da ƙyar, su share ƙasanta, su jera mata sabuwar dalma, su mayar. Wannan aiki ya fi namu zurfi. Mu masu cirewa da sakawa ne, su suna bin ciwo har inda yake. In kiɗa ya sauya rawa ma sai ta sauya, kuma sun iya sabuwar rawar. Abin da ya ɓace shi ne matakin farko na tsanin. Dā da sukundireba ɗaya da ido da kunne yaro zai fara, ya ga da idonsa cewa wannan na tunani ne, wancan na ajiya, wancan na hoto, ya gane yadda suke magana da juna tun kafin ya san sunayensu. Yanzu shiga sana'ar na buƙatar kayan aiki masu tsada da zanen allo, wanda yawancin kamfanoni ba sa sakewa, sai dai a yi ta nemansa a intanet. IBM ya sayar da nasa zanen a littafi ga duk mai so. Mai na'urar kuwa, wanda ba sana'arsa ba ce, an raba shi da cikinta gaba ɗaya.

Ƙorafin ba namu kaɗai ba ne. A farkon 2021 Faransa ta wajabta wa masu sayar da wayoyi da laftof su nuna maki, daga cikin 10, na sauƙin gyaransu. Jihar New York ta sa hannu a dokar haƙƙin gyara a ƙarshen 2022, Tarayyar Turai ta yi tata a 2024. Wani ƙaramin kamfani mai suna Framework ya fara sayar da laftof a 2021 wadda ake kwance komai nata, har da sukundireba a kwalin. A ƙarshen 2023 aka amince da sabon tsarin ram mai suna CAMM2, shimfiɗaɗɗe, wanda ake ɗaurewa da kusa maimakon dalma. A kwamfutar tebur kuwa gurbi na nan da ransa: dogon PCI Express yana ɗauke da katunan hoto da suka fi tsofaffin alluna nauyi, ɗan ƙaramin M.2 kuma yana karɓar ma'ajiyar da kusa ɗaya ke riƙe ta. Masu tace bidiyo da masu zane da 'yan wasan kwamfuta har yanzu da hannunsu suke haɗa nasu. Sai dai abin da dā hanyar mai ƙaramin ƙarfi ce ya soma zama sha'awar mai hali.

Akwai makarantu da ofisoshi da yawa a garuruwanmu da ke da ɗaki guda cike da matattun kwamfutocin tebur, an jibge su har rufi, ƙura ta lulluɓe. Ƙarshensu 'yan jari-bola ne, a auna a kilo, a fasa a cire tagulla. Mafi yawansu ba gaba ɗaya suka mutu ba: wannan fawa fak ne, waccan ram, wata kuma batirin CR2032 ne kawai ya ƙare. Daga matattu uku ana tayar da ɗaya, mun sha yi. Da za a ba 'yan aji huɗu na sakandare makullin ɗakin nan, da sukundireba, da malami guda da ya san "ja ya kalli ɗaya", kafin ƙarshen zango makarantar za ta sami kwamfutoci masu aiki, ta kuma sami yaran da in an ce musu na'ura a like take za su tambayi me aka like, kuma don me.